Yadda Kirista Zai Riƙe Ibadarsa a Saudiyya, Inda Lahadi Ranar Aiki Ce

Watan farko da na yi a Dammam ina aikin jinya, Lahadi huɗu suka wuce ban ankara ba. Ba wanda ya hana ni addu'a. Kawai dai babu ƙararrawar majami'a, babu Mama da za ta buga ƙofa ta ce a tashi za a makara, babu 'yan zumuntar mata da ke wucewa da ankonsu. Ashe a can gida Kafanchan jama'a ce take ɗauke da ni, kamar yadda ruwa ke ɗaukar kara. Da na zo inda ruwan ba ya gudu, sai na tsaya cik. Ga yadda na sake ɗaura ɗamara, ko zai amfani ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ta sauka Riyad ko Jidda kwanan nan.

Da farko, ka san dokar ƙasar da ka zo. A Saudiyya babu ginin majami'a, ba a yarda da sujadar wani addini a fili ba, kuma yi wa Musulmi wa'azi ko raba takardun bishara laifi ne da kan kai ga kamu da kora. Wanda ba Musulmi ba ba ya shiga Makka. Ibadar da mutum zai yi a cikin ɗakinsa, da Littafi Mai Tsarki nasa na kansa, hukuma ta ce ba ta hana ba. To, ka tsaya iyakar nan. Baƙo raɓa ne, kuma Irmiya 29:7 ya umurci waɗanda ke zaman baƙunci su nemi lafiyar birnin da suke ciki, su yi masa addu'a.

Na biyu, ka yanke wa kanka ranar sujada. Tun 2013 hutun mako a nan Juma'a da Asabar ne, masu aiki a kamfanoni da yawa ma Juma'a kaɗai suke samu. Ga kuma bambancin lokaci: Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, sujadar ƙarfe 9 a Jos ƙarfe 11 ce a nan, kana tsakiyar aiki. Yawancinmu safiyar Juma'a muka ɗauka. Gari ya yi tsit, ba mai nemanka. Ka yi wanka, ka sa kaya masu kyau kamar za ka fita, ka ajiye waya in ba da ita za ka saurari wa'azi ba. Wani zai ce sa kaya don me, alhali ɗaki ne? Na gwada yin sujada a kan katifa da kayan barci, kafin a gama waƙa ta biyu na yi minshari. Mai aikin karɓa-karɓa na dare da rana irin namu kuwa, ranar da jadawali ya fito ranar zai sa wa lokacinsa alama, tun kafin wanki da kasuwa su cinye shi.

Na uku shi ne wanda ya fi taimakona: ka mai da kiran salla agogonka. Sau biyar a rana ake kira, daga kowace kusurwa, ba fashi. Da farko ina jinsa ne kawai kamar kowane ƙara. Wata rana na ga abokiyar aikina, Bahaushiya haifaffiyar Jidda, ta gama aikin dare a gajiye liƙis, amma ba ta kwanta ba sai da ta yi alwala ta ba da farali. Kunya ta kama ni. Ni da nake cewa ina da 'yancin yin addu'a kowane lokaci, ashe "kowane lokaci" ya zama ba lokaci ko ɗaya.

Daniyel ma baƙo ne a Babila, ma'aikacin gwamnatin da ba ta san Allahnsa ba. Sura 1 aya 8 ta ce ya ƙudura a zuciyarsa, sura 6 aya 10 kuma ta nuna yana durƙusawa sau uku a rana kamar yadda ya saba. Sabon ne ya riƙe shi ranar da abu ya yi tsanani. Na ɗauki uku ni ma. Kiran asuba, na tashi na yi karatu da addu'a, da sanyin safiya ake kama fara. Azahar, ina tsaye a bakin aiki, minti biyu a zuci saboda marasa lafiyan da ke hannuna. Isha'i, na bi ranar daga farko, na tuba inda na yi wa wani tsawa, na ambaci 'yan gida ɗaya bayan ɗaya. Ke da kike aikatau a gidan Larabawa, ba ki da ɗakin kanki balle hutu, wannan naki ne musamman. Lokacin da mutanen gida suka tashi salla, ke ma kin sami minti biyar. Matiyu 6:6 ya ce a shiga ɗaki a rufe ƙofa. In kicin ne ɗakin, Uba yana gani.

Na huɗu, karatu ya zama da tsari, ba buɗe Littafi a karanta inda ido ya faɗa ba. Sabon Alkawari sura 260 ne. Sura ɗaya a rana, kwana biyar a mako, mako 52 ka gama shi cif. Karin Magana sura 31 ne, ya dace da kwanakin wata. Ka sauke fassarar Hausa a wayarka tun kana da intanet, yadda za ta buɗe ko babu data.

Na biyar, ka nemi mutum biyu ko uku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A nan ba a tambayar ko kai ɗan ECWA ne ko COCIN ko EYN ko Katolika. Mu huɗu ne, da wata 'yar Filifin a cikinmu, ta iya amshin waƙar Hausa har biyu. Ku taru kaɗan, da murya ƙasa-ƙasa, ba ganga ba lasifika, kada kuma ku sa hotunan taro a Facebook. Wanda bai zo ba a kira shi a ji lafiya. Kewar gida da kaɗaici sun fi kowace doka kayar da mutane a ƙasar nan, na ga magidanta da suka manta suna da mata a Zonkwa. Ka kuma riƙe lambar fastonka na gida, ko sau ɗaya a wata ku yi magana.

Batun kuɗi gajere ne. Ranar da riyal ya shigo, ka ware zakka da baiko kafin ka buɗe saƙonnin 'yan'uwa masu neman kuɗin makaranta. In ka bari sai ƙarshen wata, ba abin da za ka tarar.

Sai shaida. Tunda baki a rufe yake, hannu ne zai yi magana: zuwa aiki a kan lokaci, riƙon amana, ƙin taɓa abin da ba naka ba, kamar yadda Kolosiyawa 3:23 ya ce a yi aiki kamar ga Ubangiji ake yi wa. A watan Ramadan ba a ci ko sha a bainar jama'a da rana. Ka kiyaye, ka yi wa abokan aiki barka da shan ruwa, ni har nakan zaɓi wasu kwanaki a ciki na yi nawa azumin.

Abin da ɗaki ba zai ba ka ba shi ne Jibin Ubangiji tare da taron ikilisiya. Wannan sai ka shirya masa tun farkon shekara. Daga Khobar, gadar Sarki Fahad mai tsawon kilomita 25 tana kai mutum Bahrain, inda majami'u suke a buɗe. Babbar majami'ar Katolika da ke Awali an buɗe ta a Disamba 2021, akwai kuma na Furotesta a Manama. Kana bukatar bizar fita da dawowa, da izinin shiga Bahrain, iƙamarka (katin izinin zama a Saudiyya) kuma kada ta kusa ƙarewa. Kirsimeti da Ista ba ranakun hutu ba ne a Saudiyya, don haka ka rubuta neman hutu da wuri. Ni tun watan Satumba nake miƙa takardata ta Disamba, saboda 'yan Filifin da 'yan Kerala ta Indiya da ke sashenmu su ma ranar suke hari.