Yadda malamin jagoranci zai ƙara wa kansa sani don ya kai yaran Zango jami'a

A makarantun sakandare da dama na Kumasi, aikin jagoranci da ba da shawara yakan faɗa wuyan malamin da hedimasta ya ga yana da haƙuri da yara. A ba shi ɗan ofis, ko teburi a kusurwar ɗakin malamai, darussansa na aji kuma suna nan ba a rage masa ba. Tun 1976 hukumar ilimi ta Ghana, GES, ta ba da umarnin a kafa wannan aiki a makarantun sakandare, amma har yau da yawa daga cikin masu riƙe da shi a bakin aiki suke koyonsa.

Nauyin ya ƙaru tun da aka fara karatun sakandare kyauta a 2017. Yaran Aboabo, Asawase, Sawaba, Yalwa da Tafo Zango sun cika azuzuwa, kuma da yawansu su ne na farko a gidansu da za su zauna jarrabawar gama sakandare ta WASSCE. Ɗan lakcara yana da wanda zai tambaya a gida. Yarinyar da mahaifiyarta ke sayar da koko a bakin titi, abin da malamin jagoranci ya faɗa mata shi ke nan abin da ta sani game da jami'a. Idan iliminsa na shekara biyar da suka wuce ne, da shi za ta yanke shawarar rayuwarta. Saboda ita nake rubuta waɗannan matakai.

Mataki na farko: lissafin shiga jami'a ya zauna maka daram

Kafin ka nemi wata takardar shaida, fara da wannan. Don karatun digiri ana son ɗalibi ya ci darussa 6 da sakamako tsakanin A1 da C6: uku daga darussan dole, uku daga na zaɓi. Turanci da lissafi ba makawa. Na ukun, wasu jami'o'in kan karɓi ilimin zamantakewa ga wanda ba ɗan kimiyya ba, wasu kuma sai darasin kimiyya. Ana tara makin darussan shida, A1 maki 1, B2 maki 2, haka har C6 maki 6, kuma ƙanƙantar jimla ita ce nasara: 6 ita ce ƙololuwa, 36 ita ce iyaka a lissafin gama-gari.

Sai dai ba duk jami'o'i ke ƙirge iri ɗaya ba. KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, ta daɗe tana ɗaukar C4 da C5 da C6 duka a matsayin 4, shi ya sa iyakarta 24. Ɗauki yaro mai C5 a Turanci, C4 a lissafi, B3 a kimiyya, sannan B2, B3 da C6 a darussan zaɓi. A lissafin gama-gari jimlarsa 23 ce, a na KNUST kuwa 20. Malamin da bai san wannan ba zai iya hana yaro neman gurbin da ya cancanta, ko ya tura shi inda ba zai samu ba.

Ga yadda za ka horar da kanka. Nemi sakamakon ɗaliban bara daga ofishin mataimakin hedimasta mai kula da karatu, ka rufe sunayen, ka zauna da biro ka lissafa na kowane ɗaya ta hanyoyin biyu. Ka rubuta a gefe: wannan ina zai iya shiga, ina ba zai iya ba, me ya tare shi. Kafin ka gama aji guda za ka ga inda makarantarku ke zubar da yara. Sau da yawa D7 guda ɗaya ce a Turanci ko lissafi take rufe ƙofar digiri ga yaron da ya ci sauran darussa da kyau. Irin wannan yaro yana da mafita: ya sake rubuta darasin a jarrabawar masu zaman kansu da ake kira Novdec, ko ya duba kwasa-kwasan difloma da HND da ke karɓar D7 bisa sharuɗɗa. Ya kamata ya ji wannan daga bakinka tun kafin sakamako ya fito, don kada ranar ta zame masa ranar yanke ƙauna.

Wani abin da lissafin zai nuna maka shi ne cewa aikinka a aji ɗaya yake farawa. Yaron da ke mafarkin injiniya amma ba ya ɗaukar lissafin zaɓi, an riga an rufe masa hanya tun zangon farko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ka roƙi a ba ka lokaci a makon tarbar sababbin ɗalibai, ka tambayi kowa abin da yake son zama, ka gwada da darussan da aka ba shi, tun ana iya sauyawa.

Mataki na biyu: kowace shekara ka sake koyo

Sharuɗɗan shiga suna sauyawa, makin da ake tsayawa a kai ga kowane kwas yana hawa yana sauka gwargwadon yawan masu nema. Da zarar jami'o'i sun fara sayar da fom, sauke takardar sharuɗɗan kowace daga shafinta na intanet, ba daga abin da ake yaɗawa a WhatsApp ba. Ka buɗe littafi guda, kowace jami'a da shafinta: ranar buɗe fom, ranar rufewa, inda ake sayen lambar cikewa, ko tana karɓar masu jiran sakamako, da bambancin gurbin gwamnati da gurbin masu biyan cikakken kuɗi. Wannan bambanci na ƙarshe yana tayar da hankalin iyaye sosai idan ba a yi musu bayani da wuri ba.

Kai da kake Kumasi, KNUST mota ɗaya ce zuwa Tech Junction. Ka je ofishin ɗaukar ɗalibai da ƙafarka, ka gabatar da kanka, ka yi tambaya. Jami'in da ya san fuskarka zai ɗauki wayarka ranar da fom ɗin wani yaro ya maƙale.

Akwai kuma sabuwar manhajar sakandare da aka fara da 'yan aji ɗaya a shekarar karatu ta 2024/2025, wadda ta sauya yadda ake haɗa darussa. Duk sanarwar da jami'o'i suka fitar kan waɗannan ɗalibai, ka karanta ta da kanka. Sannan duk makarantar kuɗi da ta zo talla, duba sunanta da sunan kwas ɗin a jerin hukumar GTEC, wadda ke tantance manyan makarantu tun 2020. Kwas ɗin da ba shi da izini, shekara huɗu ne da kuɗin iyaye a banza.

Mataki na uku: ka san hanyoyin da ba su da suna a bakin mutane

A Zango, idan aka ce jami'a, likitanci da lauya ake nufi. Guraben waɗannan kaɗan ne, kuma jimlar da ake nema tana kusa da 6. Aikinka ne ka san sauran ƙofofin sosai yadda za ka yi maganarsu da daraja. Kwalejojin horar da malamai sun koma ba da digiri na shekara 4 tun 2018. Ga Wesley da St. Louis a cikin Kumasi, ga Al-Faruq a Wenchi. Ga makarantar jinya da ungozoma kusa da asibitin Komfo Anokye, wadda fom ɗinta ta hannun Ma'aikatar Lafiya yake fitowa, da nasa lokacin daban. Ga Jami'ar Fasaha ta Kumasi, wadda a da foliteknik ce. Ga jami'ar koyar da sana'o'i a Tanoso da aka sani da AAMUSTED, ga jami'ar UDS a Tamale. Wanda ya kai shekara 25 kuma yana da hanyar shiga ta manya.

Kada ka tsaya ga karanta sunayensu. Ziyarci ko da guda ɗaya a kowane zango, ka ga ɗakunan kwana da wuraren gwaji, ka tambayi inda ake salla. Mahaifin da zai saki 'yarsa zuwa wani gari wannan zai fara tambayarka, kuma yana da gaskiya.

Mataki na huɗu: ka zama masanin inda kuɗi yake

Yara da yawa sun samu gurbi sun zauna a gida. Don haka sanin tallafi rabin aikinka ne. Asusun ba ɗalibai rance na SLTF ya daina neman mai tsaya wa ɗalibi tun 2022, katin Ghana, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ake buƙata, saboda haka ka tabbatar kowane ɗan aji uku ya yi katinsa, kuma sunan da ranar haihuwar da ke kai sun yi daidai da na rajistar hukumar jarrabawa ta WAEC. Wannan yana cizon yaranmu fiye da kowa: Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, Abdul Rahman a haɗe nan a rabe can. Ka gyara tun kafin rajistar jarrabawa. A 2025 gwamnati ta ƙaddamar da shirin ɗauke wa 'yan shekarar farko kuɗin karatu a manyan makarantunta. Ka bi sanarwarsa kowace shekara, ka kuma tuna wa iyaye cewa kuɗin ɗaki da abinci suna nan. Shirin Mastercard Foundation a KNUST da jami'ar Ashesi yana ɗaukar masu ƙoƙari daga gidajen da ba su da hali, amma fom ɗinsa na son rubutu mai kyau da shaidar halin gida, abin da ba a haɗawa cikin dare ɗaya.

Mataki na biyar: yanzu ka nemi horo na takarda

Jami'ar Cape Coast da Jami'ar Ilimi ta Winneba duka suna koyar da jagoranci da ba da shawara har matakin digiri na biyu, kuma akwai tsarin karatun lokacin hutu da malami zai bi ba tare da ya bar aiki ba. Shawarata ka yi shi bayan ka ɗan taɓa aikin, domin a lokacin kana da tambayoyinka na gaske. Hukumar NTC tana ƙirga makin ƙarin horo wajen sabunta lasisin koyarwa, don haka duk bitar da za ka biya kuɗi ka halarta, tabbatar hukumar ta amince da masu shiryawa. Ghana Psychology Council kuma, wadda dokar 2013 ta kafa, ita ke yi wa masu ba da shawara rajista; ka nemi sanin rukunin da karatunka ya kai ka.

Horon da ya fi araha yana cikin makarantarku. A zaman ƙara wa juna sani na mako-mako da malamai ke yi, roƙi a ba ka minti 20 ka koya wa malaman aji lissafin jimla. Kai kaɗai ba za ka iya zama da yara dubu ba, amma malaman aji suna ganinsu kullum. Ka kuma nemi jami'in jagoranci na ofishin ilimi na gundumarku, da takwarorinka na T.I. Ahmadiyya, Islamic SHS da Sakafia, ku riƙa haɗuwa ko da sau ɗaya a zango.

Mataki na shida: koyi zama da iyaye

Babu kwas ɗin da zai koya maka wannan gaba ɗaya, kuma a nan gurbi da yawa ke mutuwa. Yarinya ta ci jarrabawa, ga manemi ya fito. Yaro ya ci, ga kawunsa na son ya kama masa shago a Alabar, ko wani ya yi masa alkawarin bizar ƙasar Larabawa. Iyayen nan ba maƙiyan ilimi ba ne. Suna lissafin abin da za a ci gobe, suna kuma tsoron abin da ba su sani ba.

Ka je gida, bayan La'asar, ka gaisa yadda ya kamata, kada ka fara da takarda. Idan ka shiga magana, ka faɗi abu a fili: "Baba, Allah ya ba yarinyar nan kai. Karatun jinya ne, a nan Kumasi, kuna iya ganinta duk mako. Ga abin da za a kashe, ga abin da za a iya samu na tallafi." Idan mahaifiya ta ce, "Malam, mu dai tsoronmu kada ta lalace," kada ka yi gardama. Ka ce, "Mma, tsoronki daidai ne. Bari in kawo miki wata 'yar unguwar nan da ke can, ki tambaye ta da kanki." Sau da yawa wannan ziyara ta biyu ita ke warware magana. Inda abin ya yi tsauri, nemi limamin unguwa ko sarkin Zango su sa baki, amma da sanin yaron da yardarsa. Abin da ɗalibi ya faɗa maka a ofis amana ce. Ba ya zuwa ɗakin malamai, sai dai idan rayuwarsa ko lafiyarsa na cikin haɗari, nan kuma dole ka kai ga wanda ya dace.

Maganar karatun waje gajeriya ce. EducationUSA tana da cibiyar ba da shawara a Accra da Kumasi ga masu son Amurka. Ka kai kanka can ka koyi yadda ake rubuta wasiƙar shaidar ɗalibi, domin wasiƙar da ta ce yaro mai ladabi ne kawai ba ta buɗe ƙofa. Duk dillalin da ya ce a kawo kuɗi zai samo gurbi, a waje ko a gida, ka gargaɗi iyaye a kansa da babbar murya.

Mataki na ƙarshe: kada ka sallame su ranar takardar ƙarshe

Watannin da ke tsakanin gama WASSCE da fitowar sunaye su ne mafi haɗari, domin yaran sun bar makaranta, ba mai tuna musu komai. Kafin su watse, karɓi lambar waya biyu daga kowane ɗaya, tasa da ta wani babba a gidansu. Ka raba su rukuni-rukuni bisa inda suke nema, ka riƙa tura musu ranakun rufe fom mako biyu kafin lokaci. Ka hana su barin mai shagon intanet ya zaɓa musu kwas ko ya sa lambar wayarsa a fom, domin saƙon jami'a can zai tafi. Idan sunaye sun fito, rubuta a littafinka wa ya shiga ina da wace jimla, wa ya samu gurbi bai tafi ba kuma me ya hana shi. Waɗanda suka shiga, ka gayyato biyu ko uku a hutun farko su yi wa 'yan aji ɗaya magana.