Yadda za ki lura da hankalin yaro mai galhanga kafin ki kai shi wajen lokotoro

'Yar uwa, in kina da yaro mai galhanga, abin nan da lokotoro ke rubutawa autisme a karne, na san kunnenki ya gaji da jin wai taurin kai ne, wai kin sangarta shi. Mu ɗan yayata ne a nan Birni, shekararshi 7, kuma mun daɗe muna ɗora komai a kan galhangar, ashe akwai abu na biyu da ke tafe tare da ita, wato rashin iya tsai da hankali wuri ɗaya da yawan ƙiriniya. Da Faransanci TDAH ake ce mishi, a Ingilishi kuma ADHD.

Su ma masanan sun makara wajen ganewa. Littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke aiki da shi, DSM, a da ba ya yarda a ce yaro ɗaya yana da galhanga kuma yana da TDAH, sai a bugu na 5 da ya fito a 2013 aka buɗe ƙofar. Kuma bincike da yawa sun nuna abin ba kaɗan ba ne, alƙaluman sun bambanta amma da dama suna cewa daga kashi 30 cikin 100 zuwa sama na masu galhanga suna da waɗannan alamun.

To abin da za ki fara yi, ki sayi ɗan kaye da bik, ki ware mishi sati 2. Kar ki rubuta "yau bai ji magana ba", wannan ba ya taimakon kowa. Ki rubuta lokaci, da wuri, da abin da yake yi, da abin da aka ce ya yi, da minti nawa ya ɗauka kafin ya watsar. Misali: bayan la'asar, tsakar gida, na ce ya kwashe takalma ya kai ɗaki, ya ɗauki ɗaya, ya ga akuya ya bi ta, takalmin yana hannu.

Nan ne wurin da nake so ki natsu sosai, don rashin kula iri-iri ne kuma daga nesa duk kama suke yi. Akwai yaron da za ki kira sau biyar bai waigo ba saboda ya nutse cikin jera murafan kwalba ko kallon fanka tana juyawa, zai iya awa guda a haka, wannan hankalinshi bai gudu ba, maƙalewa ya yi, kuma ya fi kama da halin galhanga. Akwai kuma wanda ko abin da yake so ɗin ba ya iya daɗewa a kai, ya taɓa wannan ya saki ya taɓa wancan, ya ɓatar da allo yau gobe ya ɓatar da hula, ana cin tuwo ya tashi sau goma, wannan shi ne ake zargin TDAH. Sai na uku da mutane ke mantawa, yaron da hayaniya ke yi wa ciwo, ki shiga da shi kasuwar Dole ki ga ya toshe kunne yana neman gudu, ki dawo gida shiru ya zauna lafiya lau. Shi wannan wurin ne ya fi ƙarfinshi. Kuma wani lokacin bai gane umarnin ba ne kawai don kin jero mishi abu uku a numfashi ɗaya, gwada faɗin guda ɗaya tak, kina gabanshi, ki rubuta ko an samu bambanci.

Sannan ki je lakwal ki samu mushe ko madam ɗinshi, in makarantar allo yake ki sa babanshi ya tambayi malam, ku ji ko a can ma haka yaron yake yi. Dalili shi ne ƙa'idar likitoci ta ce sai alamun sun bayyana a wuri biyu ko fiye, sun kai wata 6, sun fara kafin shekara 12, kuma suna hana yaron karatu ko zaman lafiya da mutane. In a kilas kaɗai yake haka to a duba kilas ɗin tukuna, ƙila benci na baya yake kusa da taga cikin yara masu yawa.

Barci ma ki rubuta shi, ƙarfe nawa ya kwanta, sau nawa ya farka, musamman lokacin zafi, yaron da bai yi barci ba da safe kamar an kunna shi yake. In kina ganin yana tsayawa cak ido a ƙafe na 'yan sakan, ki taɓa shi bai motsa ba, sai ya ci gaba kamar ba abin da ya faru, dan Allah ki ja layi ƙarƙashin wannan, akwai wata irin farfaɗiya da ke zuwa haka ba faɗuwa ba kumfa, kuma farfaɗiya ta fi yawa ga masu galhanga. Ki nemi a auna jinshi da jininshi ma.

Da kayen ya cika sai ki ɗauke shi ku tafi, ko ki fara daga likitar unguwa su tura ku babban asibitin Damagaram. Maganar magani kuwa, ina roƙonki kar ki sayi komai wajen masu tebur ko mai yawo da kwali wai don ya kwantar da shi. Ko maganin da aka fi sani na TDAH, methylphenidate, da aka gwada shi a Amurka kan yara 72 masu galhanga da dangoginta, sakamakon da ya fito a 2005 ya nuna wajen rabi ne ya yi wa amfani, kusan kashi 18 cikin 100 kuma dole aka dakatar musu saboda illa, yawanci yawan fushi da ƙunci. Abu ne da sai lokotoro ya auna yana bibiya.

Kafin ranar ganin lokotoron, mu abin da muke yi a gida shi ne aiki gajere na minti 5 sai hutu, rediyo a kashe, salula a ɓoye, mun zana mishi hotunan wanka da kari da lakwal a jere a bango yana bi da yatsa, kuma in ya gama abu ko ƙarami ne a take muke yaba mishi, ba a bari sai dare.