Babi Na 7: Sabulun Aski Mai Ƙamshin Fure

Darasi Na 1: Karanta gwangwanin kafin ka buɗe

Wannan sabulu ba irin na wanka ba ne. Masu sana'ar hannu ke dafa shi kaɗan-kaɗan, su zuba a ɗan gwangwani ko roba mai murfi, yawanci giram 100 zuwa 150. Akan haɗa shi da kitse, man kwakwa ko man kaɗanya, sannan a sa masa turaren fure, kamar wardi ko yasmin. Ba a goga shi a fuska kai tsaye. Da burushi ake tada kumfarsa.

Juya gwangwanin. A bayansa akwai ƙananan rubutu. Sa yatsa ka bi su layi-layi, kada ka yi sauri. Kalma biyu za ka nema. Idan ka ga Tallow, kitsen shanu ne ko na tumaki. Idan ka ga Lard, kitsen alade ne. Kwafi kalmomin nan biyu a littafinka sau uku-uku. Haka kuma burushi: wanda aka rubuta wa Boar gashin alade ne. Nemi mai gashin roba, ya fi saurin bushewa, kuma ba ya buƙatar jiƙo.

Turaren fure yakan ƙona fatar wasu mutane. Saboda haka ka fara gwadawa. Jiƙa yatsa, ka shafi sabulun, ka shafa a bayan kunne. Bar shi minti 5, ka wanke, ka jira har gobe. In wurin ya yi ƙaiƙayi, ko zafi, ko ƙuraje, wannan sabulu ba naka ba ne, komai daɗin ƙamshinsa.

Darasi Na 2: Tada kumfa

Ka tanadi sabulu, burushi, ƙaramin kwano, kofi ɗaya na ruwan ɗumi, da sabuwar reza. Ruwan ɗumi aka ce, wanda yatsa zai zauna a ciki ba tare da ka janye ba.

Tsoma burushi a ruwa. Cire shi, ka matse gashin da yatsu, ka yarfe sau 2. Ya zama da danshi kawai, kada ruwa ya riƙa ɗiga. Ɗora shi kan sabulun ka riƙa juyawa, kana ƙirga daga 1 zuwa 30 a hankali. Ɗaga ka duba. Bakin gashin ya kamata ya cika da sabulu mai kauri, kamar man goge baki. In bai cika ba, ƙara ƙirga 15.

Yanzu mun zo inda kusan kowa ke tuntuɓe, wato ƙarin ruwa. Ka natsu.

Kai burushin cikin kwano ka juya. Tsoma yatsunka a kofi, ka ɗiga ɗigo 3 ko 4 a kwanon. Juya, kana ƙirga 10. Tsaya ka duba. Sake ɗiga ɗigo 3 ko 4. Juya, ƙirga 10. Tsaya ka duba. Haka za ka yi ta yi, sau 5, sau 6, wani lokaci har fiye.

Da yatsa ake ɗiga ruwan. Ba a karkata kofi. Mu maimaita tare: da yatsa, ɗigo-ɗigo. Dalili shi ne, in ruwa ya yi kaɗan kana iya ƙarawa, amma in ya yi yawa ba ka da hanyar tsame shi.

To yaya za ka gane ta yi? Ka san kindirmo mai kyau, mai kauri da sheƙi. Haka kumfar za ta zama. Ɗebo kaɗan ka murza tsakanin babban yatsa da manuniya, za ka ji santsi. In ka ga manyan ƙwayoyin kumfa masu haske, irin na ruwan wanki, ruwa ya yi yawa. Koma kan sabulu ka ƙirga 15, ka dawo kwano. In kuma ta yi dauri, ba sheƙi, tana manne wa burushi, ƙishirwa take ji: ɗigo 3, juya, duba.

Kada ka karaya in ta farko ta lalace. Ta mutane da yawa sai a gwaji na huɗu ko na biyar take yin kyau. Yi ta gwadawa a tafin hannu, ba sai za ka yi aski ba.

Amma fa a faɗi gaskiya. Wasu ana gama karanta musu wannan, sai su ɗauki kofi su tuttula rabinsa a kwano, sannan su ce sabulun jabu ne. Sabulun lafiyarsa ƙalau, gaggawa ce ta ɓata aikin. An faɗa an sake faɗa: ɗigo 3 ko 4, da yatsa. Wanda bai iya haƙurin minti 2 ba, kuɗinsa yake zubarwa.

Abu biyu na iya hana kumfa tashi ko da ka bi ƙa'ida. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai zartsi yana kashe kumfa, sai ka gwada da ruwan leda. Da hunturu kuma kumfa kan bushe a fuska da wuri, ta riƙa farfashewa. Jiƙa bakin burushi kaɗan ka sake bi ta kai. Nan ma kaɗan aka ce.

Darasi Na 3: Askin kansa

Wanke wurin da ruwan ɗumi, ka bar shi a jiƙe. Shafa kumfa da burushi har fata ta ɓuya, ko wuya ne, ko gefen gemu, ko kai. Shafa hannu ka ji inda gashi ya kwanta, ka ja reza ta bi can. Wanda ya ja ta saɓanin kwanciyar gashi shi ke samun ƙurajen aski, musamman a wuya da ƙeya, domin gashinmu mai murɗewa ne, yakan koma cikin fata. Kada ka danna. Ja gajere, ka ɗauraye reza. Kada reza ta bi inda babu kumfa.

Rezarka taka ce kai kaɗai. Ciwon hanta da ƙanjamau suna iya bin jinin da ya taɓa reza.

Darasi Na 4: Bayan aski

Ɗauraye da ruwan sanyi. In ka yanke, goga jiƙaƙƙen alam a wurin. Shafa man kaɗanya kaɗan.

Darasi Na 5: Ajiya

Wanke burushi, ka yarfe, ka shanya a inuwa. Bar gwangwanin a buɗe har sabulun ya bushe, sannan ka rufe. Kada ka ajiye a rana, ƙamshin zai gudu.

Aikin gida: rubuta yawan ɗigon ruwan da ake sawa a lokaci guda, da lamba da kuma kalma.