Alberobello da safe, kogo da tsakar rana, bakin teku da yamma

Idan ka sauka a Bari, babban birnin yankin Puglia da ke kudancin Italiya, kuma wuni ɗaya kawai gare ka na yawon buɗe ido, wurare uku zan tura ka: Alberobello, kogon Castellana, sai garin Polignano a Mare da ke bakin teku. Kada ka ƙara na huɗu, don ba gani za ka yi ba, gudu za ka wuni kana yi. Kuma ka bi su yadda na jera su. Zafin rana da cunkoson jama'a ne suka sa na tsara haka.

Motar haya ta fi sauƙi. Daga Bari zuwa Alberobello kusan awa ɗaya ne, daga can zuwa kogon kuma, ko daga kogon zuwa teku, ba ya kai rabin awa. Sai dai ka lura da allon da aka rubuta ZTL a bakin tsofaffin unguwanni. Motar baƙo ba ta shiga nan, akwai kyamara, tarar kuma za ta biyo ka ta hannun masu hayar motar. Ajiye ta a waje ka taka da ƙafa. In babu mota, jiragen ƙasa da bas-bas na Ferrovie del Sud Est suna zuwa Castellana da Alberobello, amma suna da nawa, ran Lahadi kuma jigila tana raguwa. To a nan gara ka raba tafiyar kwana biyu.

Yi sammako ka isa Alberobello kafin ƙarfe 9, kafin manyan motocin 'yan yawo su fara juye mutane. Abin kallo a nan shi ne trulli, ɗakunan dutse masu farin bango da rufi mai tsini, kamar rumbun da aka yi wa jinka da duwatsu. Sun haura 1,500, kuma UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1996. Matsa kusa da ɗaya mai gajeren rufi ka duba da kyau: faffaɗan duwatsu ne aka ɗora wani kan wani, babu siminti, kowane zagaye ya ɗan shige ciki fiye da na ƙasansa har suka haɗe a sama. Unguwar Rione Monti ta fi yawan ɗakuna, amma yawancinsu sun zama shagunan tsaraba. Ni Aia Piccola na fi so, da ke ɗaya gefen, inda har yanzu mutane ke zaune a ciki. Gidajen mutane ne, don haka ka sassauta murya, kada ka leƙa ƙofar da ba a ce ka shigo ba. Awa biyu ta ishe ka.

Kogon shi ne zuciyar tafiyar, kuma shi ya fi bukatar shiri. Ba a shiga sai da ɗan jagora, rukuni-rukuni, kowane harshe da lokacinsa, saboda haka sayi tikiti ta intanet tun kafin ranar, ka zaɓi wajen tsakar rana. Lokacin da waje ke ƙuna, ciki yana nan a kusan digiri 16 duk shekara. Ɗauki rigar sanyi mara nauyi da takalmi mai kama ƙasa, domin akwai laima kuma daɓen yana da santsi.

Hanya biyu ce. Gajeriyar kilomita 1 ce, minti 50. Doguwar kilomita 3 ce zuwa da dawowa, tana cin kusan minti 100. In ƙafarka lafiya lau, ɗauki doguwar, kada ka yi wa kanka rowa. Za a fara sauka da kai ta matakala zuwa wani makeken rami da ake kira Grave, zurfinsa mita 60, da wata kafa a samansa inda hasken rana ke zubowa. Ta wannan kafar ce masanin koguna Franco Anelli ya sauka ranar 23 ga Janairun 1938 ya gano cewa ramin yana da ci gaba. Daga nan sai lungu bayan lungu, duwatsu na reto daga sama, wasu na tasowa daga ƙasa, duk ɗigon ruwa ne ya gina su a dubban shekaru. A can ƙarshe ake isa Grotta Bianca, fara fat ko'ina, kuma doguwar hanyar ce kaɗai ke kai wa gare ta. Kada ka taɓa komai. Maiƙon hannu yana ɓata dutsen, abin da ya ɓaci kuwa ba ya gyaruwa a rayuwarmu.

Da ka fito, nemi abinci nan take, don gidajen abinci kan rufe kicin wajen ƙarfe 3 sai dare. Panzerotti, soyayyen kwaɓin fulawa mai tumatir da cuku a ciki, yana riƙe ciki. Bombette kuwa, gasasshen naman da ake ji da shi a yankin, na alade ne, in ba ka ci sai ka kiyaye.

Polignano a kan gaɓar dutse yake zaune, teku na dukan gindinsa. Fara da Lama Monachile, ɗan bakin ruwan da ke tsakanin duwatsu biyu a ƙarƙashin gada, tun kafin inuwa ta rufe shi. Tsakuwa ce ba yashi ba, sa takalmin roba. In teku a kwance yake, je tashar jiragen ruwa ta San Vito ka hau kwalekwalen da ke shiga kogunnan da ruwa ya ƙwaƙule a ƙarƙashin garin. In kuwa matuƙin ya ce iska ta yi yawa, kada ka matsa masa, shi ya san ruwansa. Sai ka shiga lungunan tsohon gari har ka fito Terrazza Santo Stefano, inda ake hango bakin ruwan daga sama. Mai komawa Bari a jirgin ƙasa, tafiyar kusan rabin awa ce, kuma in tikitin takarda ya saya, ya buga masa hatimi a na'urar da ke tasha kafin ya hau.