Yadda ake haɗa labarin yaƙin Sudan kana zaune a ofis

Sabbin shiga da ake ɗorawa a teburin labaran ƙetare, da sun buɗe labarin kamfanonin dillancin labarai irin su Reuters ko AFP sai su kama fassara daga layin farko. Dakata tukuna. Fara da duba saman labarin, inda aka sa sunan garin da wakilin yake zaune.

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun ko-ta-kwana na RSF ƙarƙashin Mohamed Hamdan Dagalo, wato Hemedti, 'yan jaridar waje kaɗan ne suka taka Darfur. Za ka ga labarin El Fasher, babban birnin Darfur ta Arewa, amma daga Alƙahira aka rubuto shi, ko Nairobi, ko Port Sudan inda gwamnatin soja ta koma da zama a 2023 bayan faɗa ya cinye Khartoum. Na Port Sudan da izinin sojoji ya shiga. Na Alƙahira da waya ya tattara nasa. Wanda ke Adré, a bakin iyakar Chadi, daga bakin waɗanda suka tsero ya ji. Yawancinsu jiyau ne, kai kuma jiyau na biyu, sai ka rubuta da sanin haka.

Ga inda aiki ke lalacewa. Ɗauki biro, ja layi ƙarƙashin kowane adadi da kowane zargi, ka rubuta sunan mai faɗinsa a gefe. Ainihin labarin zai ce rundunar soja ta ce ta ƙwace gari kaza, kuma babu wata majiya mai zaman kanta da ta tabbatar. Sai yaro ya zo taƙaitawa, don daƙiƙa arba'in aka ba shi a labaran rana, ya datse "ta ce", ya datse jimlar ƙarshe, ya karanta wa jama'a cewa sojoji sun ƙwace gari. Shi ke nan ya zama kakakin rundunar ba a biya shi ba. A teburina doka ce: in lokaci ya ƙure, zubar da sakin layi guda sukutum, amma "a cewar" tana nan daram. SUNA kamfanin dillancin labarai ne na gwamnati, abin da ya fito daga can maganar ɓangare ɗaya ce, haka ma bidiyon da RSF ke sakawa a Telegram. Adadin mamata kuwa, nemi wanda ya ƙirga. In ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ce ta ba da shi, galibi waɗanda aka kai asibitinta take nufi, ban da na cikin unguwanni.

Sannan ka gwada da Radio Dabanga da Sudan Tribune, kafofin da suka ƙware kan labaran Sudan. Kyauta ake karanta su, ba sai ofishinku ya biya kuɗin dala ba, data kawai za ta ci.

Abin da ka fi wakilin Bature da shi: akwai Hausawa a Damazin da Kassala da Gadarif. In ka samu lambar wani, kira shi ta WhatsApp, tambaye shi abin da idonsa ya gani a unguwarsu kaɗai, nawa ake sayar da dawa, ko asibiti na buɗe. Kada ka tambaye shi wa ke cin nasara, kuma kada ka ambaci sunansa.

Sauran ka sani. Sabon abu a farko, jimla ɗaya kan tushen rikicin, duba ranar da aka ɗauki hoton da za ka ɗora, miƙa wa edita.