Kurakuran da Ke Sa Matuƙin Jirgi Ya Rabu da Hasumiya

Matsalar rediyon ɗakin tuƙin jirgi ita ce, ko layi ya yi shiru don babu mai magana, ko don an ɓace daga tasha, kunne ba ya bambancewa. Jirgin da ya tashi daga filin Malam Aminu Kano zai sauya tasha sau da dama kafin ya kai Legas, kuma a wajen wannan sauyi ne aka fi tuntuɓe.

Rediyon yana nuna lambobi biyu, ta tashar da ake kai da wadda ke jira, sai maɓalli guda da ke musanya su. Matuƙi kan juya lamba ɗaya ba daidai ba, ko ya saita sabuwa ya manta bai danna maɓallin ba. Maganinsa shi ne ya maimaita wa jami'in hasumiya lambar da baki, ya rubuta ta, kuma kada ya goge tsohuwar sai an amsa masa a sabuwar, domin in ya ji shiru ya san inda zai koma.

Akwai kuma rage sauti. Wasu kan rage muryar tashar gaggawa, wato 121.5, saboda surutun da ke cikinta, alhali a nan ake fara neman jirgin da ya yi shiru. A watan Oktoba na 2009 wani jirgin kamfanin Northwest ya wuce birnin Miniyafolis a Amurka da kusan mil 150, matuƙansa sun duƙufa a kan kwamfutocinsu, fiye da sa'a guda ba a ji ɗuriyarsu ba. A ganina, shirun da ya zarce 'yan mintuna a sararin da aka san yana da cunkoso ya isa dalilin gwada kira.

Maɓallin magana da ya maƙale kan toshe tashar ga kowa, haka ma mutum biyu da suka yi magana lokaci guda, kamar yadda ya faru a tsibirin Tenarif na ƙasar Sifaniya a 1977, inda jirage biyu suka yi karo, mutum 583 suka rasu. A saurara kafin a danna, a duba alamar aika saƙo bayan an saki.

In an gwada rediyo na biyu da tashar gaggawa duk babu amsa, sai a sa lambar 7600 a na'urar da ke nuna jirgi a rada, sannan a sa ido ga fitilar hasumiya: kore da ba ya ƙyaftawa yana nufin an yarda a sauka.