Darasi na Bakwai: Yin Fiza a Gida, Daga Kwaɓi Zuwa Gashi

Fiza abincin mutanen Italiya ce. A birnin Nafoli, kudancin ƙasar, ta samu siffar da aka san ta da ita yau: faifan kwaɓaɓɓiyar fulawa da aka shafa wa miyar tumatir, aka barbaɗa cuku, aka gasa a tanderun itace. Da farko abincin talakawa ce, a bakin titi ake sayar da ita. 'Yan Italiya da suka yi ƙaura zuwa Amurka daga ƙarshen ƙarni na 19 suka tafi da ita, kuma a can aka fi cika ta da nama da kayan lambu, irin wadda za mu koya a wannan darasi. A 2017 UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya sana'ar masu gasa fiza na Nafoli cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Kafin a taɓa fulawa, akwai abin da ya kamata a gane. Tanderun Nafoli yana wuce digiri 430 na zafi, fiza takan gasu a cikinsa cikin minti ɗaya da rabi. Obin ɗin gida da kyar yake wuce digiri 250, tukunya da kasko kuwa ba su ma kai haka ba. Tunda wutarmu ba ta kai tasu ba, duk ruwan da muka ɗora a kan kwaɓi ba zai samu damar ƙonewa ba, sai ya jiƙa shi. Shi ya sa za ku ga kusan kowane mataki a nan rage ruwa yake yi: miya mai kauri, soyayyen nama, kayan lambu kaɗan.

Kwaɓi

Wannan awo zai ba da fiza biyu, kowace faɗinta kamar santimita 30. Kofin da muke nufi shi ne mai cin mililita 240.

Fulawa kofi 4, wato rabin kilo
Ruwan ɗumi kofi 1 da kwata
Yis cokalin shayi 2
Sukari cokalin shayi 1
Gishiri cokalin shayi 1 da rabi
Man zaitun ko man gyaɗa babban cokali 2

A zuba ruwan ɗumi a kwano, a sa sukari da yis, a juya, a bar shi minti 10. In yis ɗin yana da rai, kumfa za ta taso a kai. In babu kumfa, kada a ci gaba, domin asarar fulawa za a yi: ko dai yis ɗin ya tsufa, ko ruwan ya yi zafi ya kashe shi. A gwada ruwan da ɗan yatsa. Wanda yatsa zai zauna a ciki ba tare da an ji zafi ba, shi ne daidai.

A tankaɗe fulawa a roba mai faɗi, a gauraya ta da gishiri tun tana busasshiya. Kada a zuba gishiri kai tsaye cikin ruwan yis, yana rage masa ƙarfi. A yi rami a tsakiya, a juye ruwan yis da mai, a haɗa da hannu har garin ya ɓace. Daga nan a juye a kan tebur ko babban tire mai tsabta, a murza: a tura kwaɓin gaba da gindin tafin hannu, a ninko shi, a juya, a sake turawa. Minti 10 cur. Murzawar nan ce take sa kwaɓi ya yi danƙo, danƙon kuma shi ke riƙe iskar da yis ke fitarwa. Wanda ya gaji a minti uku zai samu fiza mai nauyi mai yagewa.

A farkon murzawa kwaɓin zai riƙa kama hannu. A nan mutane da yawa suke ɓata aiki, su yi ta ƙara fulawa har ya yi tauri. A yi haƙuri, da kansa zai saki hannu. Abin da ake so shi ne ya fi na cincin laushi sosai, amma bai kai na fanke ruwa ba. In ya zama dole a ƙara gari ko ruwa, a ƙara cokali ɗaya-ɗaya, domin fulawa ba ta shan ruwa iri ɗaya; ta lokacin hunturu ta fi ta damina bushewa.

A shafa wa roba mai, a sa kwaɓin, a rufe da leda ko murfi, a ajiye inda babu iska har ya ninka girmansa. Da bazara minti 40 na iya isa. Da hunturu yakan kai awa ɗaya da rabi ko biyu, kuma in ba a rufe shi da kyau ba, iska za ta busar da samansa ya yi ɓawo. Girman kwaɓin ake dubawa, ba agogo ba. In aka bar shi ya zarce, zai faɗa, ya yi tsami da warin yis. Mai firij da wuta tsayayya zai iya rage yis zuwa cokali ɗaya, ya kwana da kwaɓin a firij. Ya fi daɗi nesa ba kusa ba, sai dai a fito da shi awa ɗaya kafin aiki.

Miyar tumatir

Yayin da kwaɓi yake tashi, sai a ɗora miya. A samu manyan tumatir nunannu 6, tattasai 1, rabin albasa da tafarnuwa ƙwaya 3. A markaɗa ko a jajjaga ba tare da an ƙara ruwa ba. A sa mai babban cokali 2 a tukunya, a zuba markaɗen, a ƙara ƙaramin gwangwanin tumatir ɗaya don kauri da launi, da gishiri da rabin cokalin shayi na sukari don kashe tsami. A bar tukunyar a buɗe a kan matsakaiciyar wuta minti 20 zuwa 25, ana juyawa. Ta yi idan aka ja cokali a gindin tukunya aka ga hanyar ba ta rufe nan take ba. A Italiya ganyaye masu ƙamshi da ake kira basil da origano ake sawa. Ɗoɗɗoya 'yar'uwar basil ce, ganye biyar zuwa shida a ƙarshen dahuwa sun wadatar. Mai son yaji ya sa attaruhu ɗaya.

A sauke ta huce sarai. Miya mai zafi tana jiƙa ɗanyen kwaɓi tun kafin ya shiga wuta.

Nama da kayan lambu

Kwata kilo na niƙaƙƙen naman sa ko na rago ya ishi fiza biyu. Ba a ɗora ɗanyen nama, domin mintin da fiza take yi a wuta ba zai dafa shi ba, ga kuma romon da zai tsiyayo a kan kwaɓi. A soya shi a kasko da mai cokali ɗaya, albasa kaɗan, citta, masoro da gishiri ko dunƙule, ana wargaza shi da cokali har jan ya ɓace kuma ruwansa ya ƙone. A tsame, a bar man a kasko. Amma kada a soya shi ya yi ƙarau, tunda zai sake shiga wuta. In tsokar kaza ce, a dafa ta, a yanka ƙanana ko a yayyaga. Ragowar tsire ko balangu ma yana yi, a yanka shi siri-siri. Masu sayen sosej na kanti su karanta takardar jikinsa: wanda ake kira feferoni, da Turawa suka fi sawa a fiza, yawanci da naman alade ake haɗa shi, sai wanda aka rubuta na sa ko na kaza ne zalla.

Kayan lambu: koren tattasai 1, jan tattasai 1, albasa 1, a yanka siri-siri, a shanya su a tsumma mai tsabta su tsane. Karas ba ya nuna da wuri, sai a goga shi ko a ɗan tafasa. Alayyahu a zuba masa tafasasshen ruwa, a matse shi tsaf. Masarar gwangwani a tsiyaye ruwanta. In za a sa yankakken tumatir, a cire 'ya'yan da ruwan cikin. Kokwamba da latas ba na fiza ba ne, a bar su wa salak.

Cuku

Cukun fiza shi ne mozarela, wanda ke narkewa ya yi zare idan aka ɗaga yanka. Giram 250 zuwa 300 ya isa. Ana samun sa a manyan kantuna, a ɓangaren firij, kuma shi ne ya fi komai tsada a wannan girki. A goga shi da abin gogar kuɓewa tun yana da sanyi, in ya ɗumama sai ya riƙa cuɗewa. Cukun nono na Fulani da ake daskarar da shi da tumfafiya ba ya narkewa ko an daɗe ana gasawa, haka ma awarar waken suya. Ana iya marmasa su a kai don ƙarin amfani a jiki, amma ba za su manne kayan ba. Wanda bai samu cuku ba kada ya fasa: a Nafoli kanta akwai fiza da ake kira marinara, tumatir ne kawai da tafarnuwa da origano da man zaitun.

Faɗaɗawa da jera kaya

A danna kwaɓin iska ta fita, a raba biyu, a mulmula kowanne, a rufe minti 15. A barbaɗa gari a tebur, a danna curin da yatsu daga tsakiya zuwa gefe, a bar bakin da ɗan tudu. Ana iya amfani da abin murza fulawa ko kwalba mai tsabta, amma a tsaya kafin a kai baki. Kaurin tsakiya kada ya wuce rabin santimita. In ana jan sa yana komawa, danƙonsa ne ya ɗaure. Ƙarfi ba zai yi ba, a rufe shi minti 10 a dawo. In ya huje, a tsunkule wurin a haɗe.

A ɗora faifan a kan farantin gashi da aka shafa wa mai kafin a sa masa komai. A shafa miya babban cokali 4 ko 5 da bayan cokali, a bar faɗin yatsa ɗaya a gefe. A barbaɗa kashi biyu cikin uku na cuku, sai nama, sai kayan lambu, sannan ragowar cuku. Ya kamata a riƙa hango jan miya ta tsakanin kayan. In ba a ganin ta, kaya sun yi yawa. Da an gama jerawa a kai wuta, ba a ajiye ta tana jira.

Gashi

A obin: a kunna shi a mafi zafinsa, digiri 230 zuwa 250, minti 30 kafin a sa fiza. Obin mai sanyi busar da kwaɓi yake yi ya koma kamar biskit. A sa farantin a ƙasa-ƙasa, a gasa minti 10 zuwa 14, kada a yi ta buɗe ƙofa. Ta gasu in gefe ya yi ja, cuku ya narke yana tafasa, kuma in aka ɗaga ƙasan da wuƙa aka ga ya soyu.

A kasko: wannan ce hanyar da muka fi yarda da ita ga wanda ba shi da obin. A raba kwaɓin gida uku ko huɗu don ya shiga kaskon suya mai kauri. A shafa mai kaɗan, a gasa faifan shi kaɗai minti 2 zuwa 3 a matsakaiciyar wuta har ya yi ɗigo-ɗigon ja, a juya shi, a rage wuta sosai, a jera kaya a gefen da ya gasu, a rufe minti 6 zuwa 8. Tururi zai taru a murfi. A ɗaga sau ɗaya a goge shi, in ba haka ba ya ɗiga a kai. Tunda zafi daga ƙasa kawai yake zuwa, a ɗan soya tattasai da albasa tukuna.

A tukunya: kamar yadda ake gasa kek, a zuba yashi mai tsabta ko ƙananan duwatsu tsawon yatsa biyu a babbar tukunya, a rufe ta yi zafi minti 15. A ɗora faranti a kan abin da zai ɗaga shi daga yashin, a rufe, a zuba garwashi a kan murfin ƙarfe don sama ta samu wuta. Minti 15 zuwa 20. In ƙasa ta ƙone sama ba ta yi ba, wutar ƙasa ce ta yi yawa. A janye itace, a ƙara garwashin murfi.

In an sauke, a cire ta daga faranti a bar ta minti 3 kafin a yanka, domin cuku ya zauna. Abin da ya rage a sa a firij kafin awa biyu, musamman lokacin zafi, saboda nama da cuku. A kasko ake ɗumama ta, a rufe, a ƙaramar wuta.

Aikin aji

1. Kofi 4 na fulawa ya ba da fiza 2. Kofi nawa ake buƙata don fiza 6? Ruwa fa, kofi nawa?
2. Faɗi dalilai uku da ke sa tsakiyar fiza ta jiƙe.
3. Rubuta kayan darasin nan a littafinka, ka tambayo farashin kowanne a kasuwa, ka lissafa nawa fiza ɗaya ta ci. In an yanka ta gida 8, nawa kowane yanka ya tashi?